Kabewa Mai Hatimi Biyu

Shekara talatin da ɗaya Sufeto ya yi yana duba bokitai a kamfanin roba. Bokiti zai zo gabansa, ya ɗaga shi ya leƙa gindinsa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara kunne, sannan ya buga masa hatimi. Hatimi biyu gare shi: shuɗi yana cewa YA YI, ja yana cewa AN ƘI. Ranar da ya yi ritaya kamfanin ya sake sababbin hatimai, shi kuwa ya rantse tsofaffin ba za su shiga shara yana raye ba. Ya zuba su a aljihu ya taho da su gida, har da tawadarsu.

Tun daga ranar gidan bai sake samun sakat ba. Ya duba tukwane, ya duba silifas ɗin banɗaki, ya taɓa buga wa sabon matashin kai jan hatimi don wai ɗinkinsa ya karkace. Gaskiyar magana, abin da ke cin ransa shi ne babu mai neman ra'ayinsa kuma. Da can in ya ce a'a, mota guda ta kaya sai ta tsaya. Yanzu ko gishirin miya ba a tambayarsa, kuma wannan abu yana yi masa ciwo ƙwarai.

Ranar wata Alhamis ya shiga kicin ya tarar da matarsa tana yanka albasa. Ya ɗauki tumatir ɗaya ya ɗaga shi saitin taga.

"Wannan daga ina?"

"Daga inda nake sayowa shekara ashirin. Kasuwar bakin gada."

"Shi ya sa," in ji shi, ya girgiza kai cikin jimami. "Shekara ashirin muna cin kayan da ba a duba ba. Allah ne kawai ya tsare mu."

Kasuwar manoma biyu ke ci a garin ranar Asabar. Ta bakin gada tafiyar minti goma ce daga gidansu, manoma suna shimfiɗa tamfol a ƙasa su baza kayansu tun da sassafe. Ta kan tudu kuwa can ɗaya gefen gari take, da fararen rumfuna da tebura da wurin ajiye motoci. Sufeto bai taɓa taka ko ɗaya ba. Hoton ta tudu ya gani a wayar mai aski, shi ke nan zuciyarsa ta tafi.

"Asabar ɗin nan ni zan yi cefane," ya ce. "Zan duba kasuwannin biyu, in yanke hukunci. Amma tun yanzu ina gaya miki, tudu za ta ci."

"Baban yara, ai kasuwar tudun nan da kake gani..."

"Dakata. In masana suna magana, saurare ake yi."

Matar ta ajiye wuƙa. Sai ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ciro kwandonta na cefane, wanda hannunsa ya taɓa tsinkewa ta ɗaure da shuɗiyar igiya.

"Ga shi. In ka kawo kayan da suka fi nawa, cefane ya zama naka, ba zan sake cewa uffan ba. In kuwa ba haka ba, hatiman nan biyu ni zan riƙe su."

"Na yarda," in ji Sufeto, yana dariya har da buga cinya.

Da a nan ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma Sufeto ba ya iya riƙe nasara a ciki ko da bai ci ta ba tukuna. Washegari a shagon mai aski ya sanar da kafa ƙungiyar cefane ta layinsu, shi ne shugaba. Kowane gida zai ba shi jerin abin da yake so, shi zai je ya zaɓo da idon gwani, a daina cin kwantai. Mai aski ya ce zai karɓo takardar matarsa. Nas ɗin da ke gidan kusa da su ta ji labari, ta kawo tata takardar da kanta, ta ce 'yan'uwanta shida za su zo cin abincin rana gobe, don Allah kaya su iso kafin sha biyu.

"Sha biyu?" in ji Sufeto. "Sha ɗaya ma kina cikin yanka."

Tela, wani siriri mai magana ƙasa-ƙasa da ba a gane lokacin da yake wasa, ya ce shi zai raka shi. Ba wai yana da abin saye ba ne. Cewa ya yi ransa ya ba shi akwai abin kallo.

Ranar Asabar matan layi sun dawo daga kasuwa tun bakwai, Sufeto yana nan yana goge tsohuwar rigar aikinsa ta kaki. Sai tara da rabi ya fito, tabarau a hanci, hatimai a aljihun ƙirji, ya jefa kwando a bayan tsohuwar motarsa.

"Gada za mu fara," ya gaya wa tela. "Don a yi adalci. Ba na kayar da mutum sai na saurare shi."

Suna shiga kasuwar wata mata ƙaƙƙarfa mai fara'a ta hango kwandon ta washe baki. Tana zaune tsakanin tumatir da albasa da kabeji, ga kabewa jere a gefe, mijinta yana gyangyaɗi a cikin wata koriyar a-kori-kura a bayanta.

"A'a! Wannan ai kwandon ƙawata ne. Lafiya dai take ko?"

"Lafiyarta ƙalau. Yau bincike aka zo."

Ya durƙusa gaban babban kwandon tumatir ya fara aiki. Ya ɗauki ɗaya ya danna da babban yatsa har ya lotsa, ya ajiye. Ya ɗauki wani ya danna. Ya danna na uku, na huɗu, na goma. Fara'ar matar ta fara raguwa.

"Yallaɓai, tumatir ne fa, ba ƙararrawar gida ba."

"Ba shi da ƙwari," in ji Sufeto, ya juya wajen tela. "Rubuta. Tumatir, ba ƙwari."

"Ban zo da biro ba."

"To riƙe a ka."

Ya matsa wajen kabewa, ya zaɓi mafi girma, ya ɗaga ta da ƙyar ya leƙa gindinta. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ɓata fuska.

"Kin ji? Sautin fanko. Wannan kabewar ba ta da zuciya." Kafin kowa ya ankara ya zaro jan hatimi, ya hura masa iska, ya danna a gefen kabewar. AN ƘI, ɓaro-ɓaro.

Matar ta miƙe tsaye. "Kai! Wa ya ce ka yi min rubutu a kaya? Wata huɗu ina ba ta ruwa, ka zo da rigar kaki ka ce ba ta da zuciya? Kai ne likitanta?"

Mutane suka fara taruwa, abin da Sufeto ya fi so a duniya ke nan. Ya gyara tsayuwa ya yi musu bayani a kan inganci, ya ce kayan da aka baza a ƙasa ba za su taɓa kama ƙafar na kan tebur ba, su je tudu su ga yadda ake sana'a. Wani mai karas ya ƙyalƙyale da dariya har ya riƙe ciki, Sufeto ya ɗauka jin daɗin jawabin ne. Don ya rufe taro da gwaninta, sai ya ture tabaransa sama zuwa goshi, ya ce gwani da hanci yake gane barkono. Ya cusa fuskarsa gaba ɗaya cikin buhun busasshen barkono ya ja numfashi mai zurfi.

Atishawar farko ta ɗaga shi sama. Ta biyu ta sunkuyar da shi kan kwandon tumatir. Ta uku ta sa ya taka gefen tamfol, albasa ta gangara ko'ina. Hawaye da majina suka haɗe masa, kasuwa ta ɗauki shewa. Tela ya kamo hannunsa ya ja shi zuwa mota yana ta ba mutane haƙuri, shi kuwa Sufeto yana ɗaga yatsa yana cewa, "An ƙi! Duk kasuwar an ƙi!"

Sai da ya zauna gaban sitiyari ya shafa goshi ya ji wayam.

"Tabarauna."

"Ina jin wajen atishawa ya faɗi. Mu koma mu tambayi matar."

"In koma wajen waccan? Bayan na kayar da ita? Ai sace shi aka yi. Ka ga irin kasuwar da matata take zuwa, ɓarayi da rana tsaka." Ya kunna mota. "Ka rabu da su. Ni dama don ado nake sa shi. Idona ras yake."

"To bari dai in sauka in hau bas."

"Zauna. Ko za ka tuƙa?"

"Keken ɗinki kaɗai na iya tuƙawa."

Ba tabarau, duniyar Sufeto ta koma launuka masu motsi. Bai yi nisa ba ya taka birki da ƙarfi, ya leƙo ta taga ya yi gaisuwa cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, takarduna a cike suke." Tela ya ce masa wannan mutum-mutumin shagon kaya ne da aka sanya wa kwat, hannunsa a ɗage yake tun bara. Sufeto ya ce ya sani, gwada birki yake yi. A shataletale suka zaga sau huɗu saboda ba ya iya karanta allo, kuma ba ya yarda tela ya karanta masa. A zagaye na biyar ya zaɓi hanya da ƙarfin zuciya, ta kai su har cikin wurin wankin mota, wani ya watsa musu kumfa ta tagar da ke buɗe.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi suna gefen titi, Sufeto yana share kumfa daga kunne, wayar tela tana ta ruri. Nas ce. Tela ya kashe ƙarar ya mayar aljihu. Can sai ga koriyar a-kori-kura ta wuce su a hankali, maƙare da kwanduna da buhuna. A saman kayan wata mata ce zaune da faffaɗar hular rana, ta dubi tela ta ɗaga masa hannu.

"Sufeto, bi motar can. Na tabbata tudu za ta."

Sufeto ya bi koren abin da yake gani yana motsi. Iska ta kwaso ƙamshin kayan ta shigo da shi mota, ya lumshe ido, tela ya yi maza ya riƙe sitiyari.

"Ka ji ƙamshi? Manoman gaskiya ke nan. Yanzu aka tsinko su daga gona. Ka kwatanta da warin can bakin gada."

"Ai motar nan da kake gani..."

"Yi shiru, ina tuƙi."

Abin da kowa ya sani a garin, ban da Sufeto, shi ne ƙarfe sha ɗaya ake tashin kasuwar gada don a buɗe wa motoci hanya. Manoman sai su kwashe abin da ya rage musu, su haura tudu inda kasuwa ke fara ci da sha biyu. A can su yayyafa wa kayan ruwa, su jera a tebur mai farin ƙyalle, su ɗaura farin gaba, wato ƙyallen aiki mai aljihu, su ƙara kuɗi saboda masu zuwa da manyan motoci. Manoma ɗaya ne, kaya ɗaya ne, sai dai na tudu ya sha rana da hannun mutane.

Sufeto ya ajiye mota rabi a wurin ajiya rabi a kan furannin ado, mai gadi ya biyo shi da faɗa, shi kuwa ya ce masa su yi magana in ya gama aiki. Ya tsaya a bakin kasuwa ya buɗe hannuwa yana kallon fararen rumfuna da suke masa kamar gajimare.

"Tsari! Ka ga tsari? Ko ba ka taɓa komai ba ka san an ci jarrabawa."

Ƙafarsa ta kai shi tebur na uku, inda mai faffaɗar hula ta gama jera kayanta. Ta ga kwando mai shuɗiyar igiya, ta ga idanun da ke ƙyafƙyaftawa, ta dubi tela. Tela ya ɗaga kafaɗa. Matar ta ja hularta ƙasa kaɗan, ta sassauta murya ta koma ta masu ladabi.

"Barka da zuwa, yallaɓai. Da ganinka ka san kaya."

"Kin ji ko?" Sufeto ya zunguri tela. "Tarbiyya. Baiwar Allah, yanzu na fito daga kasuwar gada. Na haɗu da wata mata a can, bakinta ya fi kayanta yawa. Tumatir ɗinta ba ƙwari, kabewarta fanko, ga faɗa."

"Kai, haba dai!"

"Wallahi. Har tabarauna suka sace."

"Subhanallahi. Ita matar?"

"Ita ko 'yan korenta. Fuskarta ma ba ta gaskiya ba ce."

"Allah ya shirye ta," in ji matar, tana danne dariya. Mijinta da ke sauke buhu ya juya baya, kafaɗunsa suna girgiza.

Sufeto ya laluba ya ɗauki tumatir. Yatsansa ya faɗa daidai cikin lotsawar da ya yi da safe.

"Allahu akbar. Taɓa ka ji laushi. Ka ga wannan ɗan ramin? Alamar iri mai kyau ce, a jikin uwarsa ya nuna. Duk suna da shi?"

"Kusan goma suna da shi, yallaɓai. Wani gwani ne ya yi musu aiki na musamman."

"Ai na gani. Hannun gwani ba ya ɓuya."

Tela ya kama tari har sai da ya dafa tebur. Da ya samu numfashi ya matso kusa da kunnen Sufeto. "Don girman Allah ka saurare ni minti ɗaya. Matar nan..."

"Kai tela, in ana maganar wuyan riga zan neme ka."

Tela ya ja da baya ya harɗe hannuwa. A ransa ya ce ya fita hakkinsa sau biyu, sauran kallo ne.

Da matar ta faɗi kuɗin tumatir, sai da mijinta ma ya waiwayo. Sufeto ya buɗe baki zai taya.

"A nan tudu ba a ciniki, yallaɓai. Manyan mutane ne ke zuwa. Masu ciniki gada suke tafiya."

"Wa ya ce zan yi ciniki? Juye duka."

Ya sayi tumatir kaf, ya sayi albasar da har yanzu akwai ƙasar gada a jikinta, ya sayi kabeji da karas da duk abin da ke takardar nas da ta matar mai aski, tela yana karanta masa. Daga ƙarshe matar ta gangaro da babbar kabewa, ta juya gefen jan rubutun ya kalli tebur.

"Wannan na ajiye ta ne don wanda ya san darajarta."

Sufeto ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, fuskarsa ta yi haske.

"Ji sauti! Cike take tam. Wannan ita ce kabewa mai zuciya. Da waccan matar tana nan da na nuna mata bambanci." Ya zaro shuɗin hatimi ya hura masa iska.

"Danna sosai, yallaɓai, yadda kowa zai gani."

Ya danna da ƙarfinsa duka. YA YI.

Matar ta shirya masa kayan da hannunta. Kafin ta zuba tumatir a kwando mai shuɗiyar igiya, ta ciro wani abu daga aljihun farin gabanta, ta naɗe shi a ganyen kabeji, ta sa a can ƙasa.

"Wannan na uwar gida ne. A ce ina gaishe ta da kyau."

"Ko ba ta san ki ba, za ta ji," in ji Sufeto.

Komowa ta ɗauki awa biyu, don mai gadi ya ƙi buɗe musu hanya sai da suka gyara furanninsa, kuma shataletale ya sake riƙe su. Ƙarfe uku saura suka shigo layi. Nas tana tsaye a ƙofar gida hannu a ƙugu, 'yan'uwanta shida suna zaune a kan benci da fuskokin yunwa. Mai aski ya baro wani da rabin kai a aske, mutumin ma ya biyo shi da ƙyalle a wuya. Matan layi sun leƙo. Matar Sufeto tana zaune a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa.

"Sha ɗaya ina cikin yanka, ko?" in ji nas. "Biskit na ba baƙina, Sufeto. Biskit!"

"Haƙuri, 'yar'uwa. Abu mai kyau ba a yi masa gaggawa." Ya sa aka fito da tebur aka ajiye a gindin bishiyar ƙofar gida, aka jera kaya. Ya hau kan dakali ya yi gyaran murya.

"Jama'ar layi, na duba kasuwa biyu da idona. Ta gada, an ƙi. Kaya marasa ƙwari, mutane marasa kunya, har tabarauna suka sace. Ta tudu kuwa, ga shaida a gabanku. Daga yau gidan da ya shiga ƙungiyata ya huta da kwantai."

Nas ta ɗaga tumatir ɗaya, ruwa yana ɗiga daga jikinsa. "Wannan fa? Wa ya zauna a kai?"

"Iri ne na musamman."

"Nawa ka saya?"

"Ninki biyu na gada," in ji tela a hankali, yana kallon sama.

Matar Sufeto ta taso ta jawo kwandonta ta fara fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙasa ta ciro ƙunshin ganyen kabeji.

"Au, wannan kyautarki ce," in ji Sufeto. "Wata mata mai mutunci ta bayar. Irin matan da ba a samu a gada. Buɗe kowa ya gani."

Ta buɗe. Tabarau ne, an goge shi tas, 'yar ƙwayar barkono ɗaya maƙale a hannunsa. Ta miƙa masa.

Kowa ya zuba masa ido. Sufeto ya karɓa ya juya shi, ya sa a hanci. Duniya ta dawo masa garau, ya ga fuskokin mutane, ya ga tumatir ɗin da ke hannun nas da shatin babban yatsa a jikinsa.

"To," ya ce. "Wannan ya nuna ɓarawon ya gudu tudu ne ya sayar da shi, ita kuma baiwar Allah ta gane nawa ne ta fanso. Kun ga gaskiyar mutanen tudu."

"Ta yaya ta gane naka ne?" in ji mai aski.

"Da ganin tabarau ka san na babban mutum ne."

Mai aski ya matso bakin teburin. Ya rungumi kabewar zai matsar da ita don a samu wuri, sai ya tsaya. Ya juya ta hagu, ya juya ta dama, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Nas, ke kika yi karatu mai zurfi. Karanta mana nan."

"YA YI."

Ya juya ta. "Nan fa?"

"AN ƘI."

"Sufeto, hatimin wa ke nan?"

Mutumin da aka yi wa rabin aski shi ya fara fashewa. Daga nan layi ya ɗauka. 'Yan'uwan nas suka manta da yunwa, ɗaya ya zame daga benci. Mai aski yana ta juya kabewar, matan layi suna amsawa baki ɗaya, "Ya yi! An ƙi! Ya yi! An ƙi!"

"Ku tsaya!" Sufeto ya ɗaga hannu, gumi yana bin wuyan rigar kaki. "Akwai bayani. Kabewa takan gyaru a hanya. Iskar tudu..."

"Iskar tudu ce ta sa wa matar hula ma?" in ji tela. Sai ya kwashe labari tas ya zuba, tun daga atishawa har mutum-mutumi, har inda Sufeto ya gaya wa matar a gabanta cewa fuskarta ba ta gaskiya ba ce, ita kuma ta ce Allah ya shirye ta.

Kunya ta rufe Sufeto har ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi da-na-sanin dawowar tabaran. Ya sauko daga dakali ya matsa kusa da matarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Kin san manoma ɗaya ne?"

"Kowa ya sani."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Na fara ranar Alhamis. Ka ce in masana suna magana, saurare ake yi. Ni kuwa na saurara."

Ta miƙa tafin hannunta. Sufeto ya dubi hannun, ya dubi jama'a, ya ga babu mai cetonsa. Ya zaro shuɗin hatimi ya ajiye mata. Hannun bai motsa ba. Ya zaro jan ma, ya ɗan riƙe shi kamar zai yi masa sallama, sannan ya saki. Matar ta ɗauki takardar da ya rubuta sunayen 'yan ƙungiyar cefane, ta shimfiɗa a tebur, ta hura wa jan hatimin iska yadda ta ga yana yi, ta danna a tsakiya. Nas ta kwashe abin da zai dafu ta wuce da baƙinta, tana cewa kabewar kam a bar wa shugaba.

Asabar ta gaba ƙarfe shida da rabi aka ga Sufeto a hanyar gada, ba rigar kaki, tabarau ɗaure da zare a wuya, yana bin bayan matarsa da kwando. Mai tumatir ta hango su tun daga nesa, ta fara gyara zama.

"Ƙawata, barka da asuba. A'a, har da babban baƙo! Yallaɓai, an samu ɓarawon kuwa?"

Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. Sufeto ya yi gyaran murya ya ba da haƙuri, yana kallon albasa. Mai karas da sauran maƙwabta duk sun miƙo wuya suna saurare.

"Ya wuce," in ji mai tumatir. "To yanzu wanne za a zuba maka? Na gada, ko za ka jira sha biyu in sa hula?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Sufeto ya yi kamar bai ji ba. Idonsa ya sauka kan wani jan tumatir a saman kwando, babban yatsansa ya fara ƙaiƙayi, hannunsa ya tafi da kansa. Matarsa ta buɗe jakarta kaɗan, kan jan hatimi ya leƙo. Ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Zuba mana na gada," ya ce.